Tagar Zauren Alhaji Gide

Zauren gidan Alhaji Gide na Ƙanƙara irin zauren nan ne da in ka shigo daga rana sai ka tsaya ka lalubi bango, kana sallama kana addu'ar kada ka taka mutum. Tun zamanin mahaifinsa ake hura wuta a ciki lokacin sanyi, hayaƙi ya bi bango ya bi azara ya mayar da su baƙi ƙirin. Taga ɗaya ce da shi, can sama da dakalin da mai gida ke zama, ita ma an toshe ta da tubali shekarar da aka fara jin harbi daga daji. Sauran wurin kuwa buhunan taki ne, da garma, da wani tsohon keke da ba wanda ya tuna mai shi, ga kuma babur ɗin Mas'udu, babban ɗan gidan. Mutanen gida ƙafarsu ta san hanya. Baƙo ne ke shan wahala.

A cikin wannan duhu aka yanke cewa Alhaji Gide ya ruɗe.

Abin a hankali ya fara. Maƙwabci ya shigo ya gaya masa an yi masa rasuwa a Pauwa, Alhaji ya yi murmushi ya ce madalla. Wani ya zo aron garma, ya sa masa albarka ya sallame shi hannu wofi. Abokan hirarsa suka fara janye jiki. Waɗanda ke zuwa kuma sai su gaishe shi, su juya su yi hirarsu, su bar shi yana gyaɗa kai kamar ƙadangare. Mutumin da a da ba a raba iyakar gona a unguwar sai an ji ta bakinsa, yanzu ana masa magana irin wadda ake yi wa yaro.

Matarsa Hajiya Mairo ce kaɗai ba ta yarda ba, kuma tana da dalili. Kwanakin baya mura ta kama ta, murya ta dishe ƙaf, har sai Mansura matar Mas'udu ta kawo kunne dab da bakinta kafin ta ji abin da take so. Wata rana da hantsi Alhaji na zaune a tsakar gida, can nesa da ita, ta manta ba ta da murya ta tambaye shi ko zai sha kunu. Ko ita ba ta ji kanta ba. Sai ya ce ta kawo, amma kada ta cika tsamiya. Ta tsaya riƙe da ludayi tana kallonsa. Da murya ta dawo ta zagaya bayansa ta kira shi da ƙarfi, har awaki suka waiwayo, shi bai motsa ba. Nan ta gane kunne ne ya tafi, kuma mijinta bakin mutane yake kallo ya ɗauki magana, ba tare da shi kansa ya sani ba. A tsakar gida rana na nuna masa baki. A zaure ba abin da yake gani sai inuwa.

Da ba don maganar Khairiyya ba, wataƙila da ta bar abin ya tafi a haka. Khairiyya 'yar ƙanin Alhaji ce, marigayi Muhammad. Tana goye uban ya rasu, kuma kafin ya cika ya damƙa ta a hannun yayansa, ya ce shi zai riƙe ta, shi zai aurar da ita. Yarinya ta girma a ɗakin Mairo, ta yi karatunta, ta kawo wanda take so, wani Abdulgafar ɗan Mabai. Manyansa sun aiko cewa suna nan tafe neman aure. Alhaji ne waliyyi. Shi ya kamata ya zauna a kan dakalinsa ya ji buƙatarsu, ya yi tambaya, ya bayar.

Mas'udu ya sami uwarsa tana tankaɗe, ya tsuguna gefe.

“Inna, mun yi shawara da Baba Barau. Ranar da mutanen Mabai za su zo, shi za shi amshe su. Baba shi huta cikin gida.”

Barau ƙanin Alhaji ne, mutum mai son a ce shi ya yi. Mairo ba ta ɗaga kai ba. Ɗan fari ne, ba ta kiran sunansa, ba ta kuma cika kallon idonsa.

“Kai, mi ya samu uban naka da za a ɓoye shi?”

“Inna, kin hi ni sani. In sunka ce sun zo neman aure, shi ce masu Allah shi jiƙan musulmi hwa? Ina za mu sa kanmu?”

“Hankalinshi lahiya lau. Kunne ne.”

“Wane kunne? Jiya ina nan kinka yi mashi magana a hankali, ya amsa maki daidai. Abin zuwa yake shi tahi. Haka anka ce Kaka ya soma.”

Ta ce to a shimfiɗa tabarma a waje, gindin darbejiya, inda ke da haske. Ya ce ina aka taɓa neman aure a bakin titi, sai ka ce cinikin akuya. Ya tashi ya karkaɗe wando ya fita.

Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne Alhaji da kansa ya yarda. Da ta tsaya a gabansa ta ce masa kunnensa ne, sai ya harare ta.

“Kunnena mi ya yi? Ba ga shi ina jin ki ba?” Sai ya rage murya. “Nan ina ni, Hajiya. Amma da na shiga zauren can, sai in ji kamar an tsoma kaina cikin randa. Mutane na magana, ban san inda ta dosa ba. A zauren nan Baba ya ruɗe, ina gani. Bari Barau shi yi. Kada in kunyata yarinya.”

Tausayi ya kama ta, haushi kuma ya fi tausayin yawa. Tun da ta gane, ita ce ke tsayawa inda zai ga fuskarta, amma ranar da ake buƙata ba ta da ikon shiga, don zaure na maza ne. Ta ce a ranta, tunda ba za ta shiga ba, to haske zai shiga, ko da kuwa da farce za ta tone bangon.

Ranar kasuwa maza suka watse. Mairo ta sa aka turo ƙyauren waje, ita da Mansura da Khairiyya suka shiga zaure. Suka kwashe taki, suka ja garma, suka jefa keken nan bayan rumbu. Sannan dabara ta faɗo mata, dabarar da har yau in an tuna mata sai ta ja mayafi ta rufe fuska. Ta sa aka ciro dogon madubin jikin sif ɗin Mansura, aka jingina shi a kwanar ƙofar ciki, inda hanya ke karkata ta shiga tsakar gida. Rana ta faɗa kan madubi, madubi ya watsa ta cikin zaure. Nan take suka ga azara, suka ga gidan zanzaro, suka ga wani takalmi da ake nema tun bara. Khairiyya ta yi tsalle. Mairo ta ce ashe abin ma ba wuya.

Da yamma Barau ya biyo daga kasuwa. Ya yi sallama, ya zauna, ya ce ikon Allah, yau zaure da haske. Ya ɗaga kai ya nemi inda hasken ke fitowa, sai ga tsakar gida gaba ɗaya a gabansa, da turmi, da shanya, da Mansura ta yi ɗaurin ƙirji ba ɗankwali tana surfe. Ya saki salati, ya fita da takalmi ƙafa ɗaya.

Magina na da can ba don wauta suka karkatar da ƙofar ciki ba. Sun yi ne don wanda ke zaure kada ya ga cikin gida, ita kuwa Mairo da madubi ɗaya ta miƙe abin da suka lanƙwasa. Mansura ta shige ɗaki tana kuka. Mas'udu ya dawo ya ɗauke madubin da kansa. Barau ya samu abin faɗi a majalisa, cewa gidan da mata ke shirya zaure ai mai gidan ya riga ya gama. Shi kuwa Alhaji a tsakar gida aka ba shi labari, da sauran hasken rana, don haka ba kalmar da ta wuce shi. Ya dubi Mairo ya ce ta fita harkar zaurensa.

Ta bi Mansura ɗaki ta ba ta haƙuri, haƙuri na gaske, har da riƙe hannu. Kuskuren nata ne, ta kuma san inda yake. Haske take nema, madubi kuwa ya kawo haske ya haɗo da hoto. Abin da take buƙata shi ne wanda zai ɗauki rana ya bar mutane a inda suke. Tana wannan tunani idonta ya faɗa kan bangon ɗakinta, wanda take shafe da farar ƙasa duk sallah tun tana amarya. A Ƙanƙara kuwa farar ƙasa ba abin nema ba ce.

Ta bari fushi ya huce, sannan ta sami Alhaji yana alwala.

“Alhaji, baƙi za su zo, ko wa za shi amshe su. A bar su su jingina da baƙin bango su tashi da riguna kamar masu gawayi? Shahe kawai za ni yi.”

“Ba madubi?”

“Ko na hoda.”

Ya kaɗa hannu, ta ɗauka ya yarda.

Mai jaki ya sauke farar ƙasa a ƙofar gida. Suka jiƙa ta a tsohuwar randa, suka dama, suka tace, Mairo ta narka ƙaro ta zuba don kada ta riƙa bin tufafi. Kafin shafe sai da suka kankare bango da sakaina, baƙin hayaƙi na zubo musu a ka, suna tari suna tofarwa. Mansura, wadda aka zaci ba za ta ƙara leƙa zauren ba, ita ta fi kowa kankara, wai tana rama abin da ya yi mata. Mairo ta kife turmi ta hau, ta tsoma tsumma tana shafawa. Khairiyya ta ce ta sauko, ƙafafunta ba na hawa turmi ba ne yanzu. Ta ce turmin ya san ta tun ba a haifi Khairiyya ba.

Shafen farko ya bushe ya fito ruwan toka, da dabbare-dabbaren rawaya inda hayaƙi ya huda. Mas'udu ya shigo zai fitar da babur, ya dubi bango, ya ce da ma an bar shi da baƙinsa ya fi mutunci. Uwarsa ta ce ya kwashe babur ɗinsa ya nema masa wani masauki, zaure ba gareji ba ne. Suka sake shafawa, ya bushe, suka ƙara. Kafaɗarta ta riƙe har sai da Khairiyya ta gasa mata da ruwan zafi. Hannuwanta suka tsattsage. A shafe na uku bango ya sallama, ya fito fari tas. Ta kawo jar ƙasa ta ja ɗamara daga ƙasa zuwa tsayin mai zaune, ta bi bakin ɗamarar da yatsu uku ta yi zanen igiyar ruwa irin wanda uwarta ke yi. Khairiyya ta rataya fayafai masu launi da ta saƙa da hannunta. Aka share ƙasa, aka yayyafa ruwa, aka shimfiɗa sababbin tabarmi.

Kyau dai ya yi kyau, amma Mairo ba kyau ta zo nema ba. Ta sa Khairiyya ta hau dakalin Alhaji ta zauna, ita kuma ta je ta zauna inda baƙi ke zama, kusa da ƙofar waje. Ta motsa baki ba murya.

“Mi na ce?”

“Inna, ni ban ga bakinki ba. Inuwarki kawai nike gani, hasken ƙohwa na bayanki.”

Mairo ta yi tagumi. Ashe duk wahalar nan rabin aiki ce. Mai gida ƙofa yake fuskanta, baƙo kuwa baya yake ba ta, don haka komai farin bango fuskar baƙo a duhu take. Dole sai hasken ya fito daga bayan Alhaji, ya tsallake kafaɗarsa, ya sauka a kan fuskokinsu. Ta ɗaga kai ta dubi inda tubalin nan ya toshe taga, daidai saman dakali, tana kallon yamma. Baƙin neman aure kuwa bayan la'asar suke zuwa.

Ƙofar waje ba ta ba ta wuya ba, asabari ta rataya ya kashe ƙyallin. Taga ce magana. Alhaji ya ce a'a tun kafin ta rufe baki. Shi ya sa aka toshe ta, a lokacin da ko fitila ba a so a hango daga lungu, kuma har yanzu ba wanda zai ce hankali ya kwanta sarai. Ba ta yi masa gardama ba, don tsoronsa ba na banza ba ne. Ta shiga ɗaki ta jawo ƙarafan tsohon gadonta na aure daga ƙarƙashin kaya, ta aika wa maƙeri ya yanka su daidai faɗin taga. Ta kwaɓa ƙasa ta ajiye. Da Alhaji ya fita sallar azahar, wadda daga ita yakan zauna a masallaci har la'asar, ta kife turmi a kan dakali ta hau da taɓarya.

Mansura ta ce, “Inna, ya hwa ce a'a.”

“Na ji shi. Ni kunnena lahiya lau. Riƙe mani turmin ga.”

Bugu na farko taɓarya ta dawo mata har cikin haƙori. Ta gyara tsayuwa ta ƙara. Tubali ya tsage, ya faɗa lungu, kaji suka watse. Ta gicciya ƙarafan, ko kan kyanwa ba zai wuce ba, ta liƙe gefe da ƙasa, ta bi da farar ƙasa. Kafin ta sauko rana ta karkata, ta shigo ta tagar, ta sauka a kan tabarmin baƙi, bango ya karɓa ya rarraba ko'ina.

Alhaji ya ɗaga asabari ya shigo, ya tsaya. Ya dubi taga, ya dubi ƙarafa, ya gane na gadon wa ne. Ya hau dakalinsa ya zauna, fuska a murtuke. Mairo ta yi abin da ba ta taɓa yi ba, ta zauna a tabarmar baƙi, cikin hasken. Ta motsa baki, ba ta fitar da ko numfashi ba, ta tambaye shi ko ya yi fushi.

“Hushi kai, na yi. Na ce a'a, kin maishe ni ban san abin da nike hwaɗi ba.”

“Alhaji, ban yi murya ba hwa yanzu. Bakina ka gani.”

Ya yi tsaki. “Ke ce. Ke ko tari kinka yi na san abin da kike nuhi. Baƙo daban ne.”

Iyakar abin da ta samu shi ne ya yarda zai zauna a zauren ranar. Mas'udu da Barau suka ce ba laifi, ya zauna a gan shi, a gaishe shi, amma Barau zai yi magana. Mairo ta ƙyale su. Ta dai shiga da safe ta ja tabarmin baƙi zuwa daidai inda ta ga rana na sauka, ta kuma ɗauke duk wata shimfiɗa da ke kusa da ƙofa, don kada wani mai kunya ya maƙale a can.

Ranar Alhamis bayan la'asar babura suka tsaya a ƙofar gida. Mairo ta zo kwanar ƙofar ciki, inda ta taɓa jingina madubi, ta tsaya ta manna kafaɗa da bango. Daga nan ba a ganin kowa, sai dai a ji. Khairiyya na ɗaki ta ƙudundune, Mansura na bakin murhu tana yi kamar tana aiki.

Aka yi sallama, aka zazzauna. Wani ya ce kai, wannan zaure kamar ɗakin amarya. Aka fara gaisuwa. Wata murya ta tambayi Alhaji ya ƙarfin jiki, ya ce da godiya, sai dai gwiwa. Wata ta ce hanya ce ta tsayar da su, ruwa ya cinye gada, ya ce wace, ta kusa da fadama, ai tun bara take neman tafiya. Wani ya ambaci cewa mahaifiyarsa na kwance, Alhaji ya ce Allah ya ba ta lafiya, ya tambayi ko an kai ta asibiti. Mairo ta ƙara kasa kunne. Wannan muryar mijinta ce ta da, mai tsayawa a kan magana.

Mas'udu ya zagayo ɗaukar ruwa, ido waje. Ya dubi uwarsa zai yi magana, ta miƙa masa buta da kofuna ta juya shi.

Sai babban baƙon ya gyara murya, Malam Audi, baffan Abdulgafar, wanda shi ne bakin tawagar. Ya yi bismilla, ya yi salati, ya shiga bayani. Muryarsa na fitowa a dakushe, kamar mai magana cikin tulu. Ya yi doguwar magana ya kai aya, ya tsaya jiran amsa. Shiru. Ba abin da ake ji sai kukan akuya a lungu.

Mas'udu ya sake leƙowa, gumi a goshi.

“Inna, rawani gare shi. Ya ja amawali ya ruhe baki har hanci.”

Amawali, wato ɓangaren rawanin da ake ja a rufe baki. Ta kankare hayaƙin shekaru, ta fasa bango, ta saɓa wa miji, ga ƙyalle ɗan tafin hannu ya zo ya tsaya a gaba. Ta ruga ta ɗauko ƙwaryar fura da ludayi ta danƙa masa.

“Kai mashi. Shi za ka hwara ba. Ba a shan hura da baki ruhe.”

Ta koma ta kasa kunne. Ta ji an ajiye ƙwarya, ta ji muryar nan ta cikin tulu tana cewa Allah ya yi albarka, a ba sauran, shi yana azumin Alhamis. Mairo ta jingina goshi da bango. Dabara ta ƙare mata, ba ta da sauran abin aikawa.

Barau ya yi gyaran murya irin ta wanda lokacinsa ya zo.

“To, Malam, mun ji bayaninku. Kamar yadda wataƙila kunka samu labari, yayana kwanan nan sai a hankali, shi ya sa ni...”

“Dakata, Barau.”



“Malam, ka yi mani haƙuri,” in ji Alhaji Gide. “Duk mutanen ga da sunka gaishe ni, ba wanda maganarshi ta wuce ni. Kai kaɗai ne tun da ka soma ban kama ko kalma guda ba. Ina zaune ina tambayar kaina mi ya raba ka da su, sai na ga su ina ganin bakinsu, kai ban ganin naka.” Ya ɗan tsaya. “An daɗe ana hwaɗa mani cikin gida, ina gardama. Kunnena ya mutu, jama'a. Kurma ne ni, da ido nike ji. Amma hankalina na nan inda Allah ya aje shi. Ɗiyar ga amana ce ƙanena ya bar mani, kuma ba ni ba da ita ga maganar da ban ji ba. In ba ka ƙi ba, sauke amawalin ga ka maimaita.”

Sannan aka ji wata 'yar dariya, da motsin ƙyalle, sai ga murya ta fito sarai, tana ɗan fito a kan kowace kalma.

“Alhaji, tunda ka buɗe naka, bari in buɗe nawa. Ba sarauta ta sa nike ruhe baki ba. Haƙoran gaba ne sunka yi mani ƙaura, ga wurin nan kamar ƙohwar gari.”

Zaure ya kwashe da dariya, har da Barau, wanda tasa ta ɗan makara. Malam Audi ya maimaita buƙatarsu tun daga bismilla. Alhaji ya tambayi sana'ar yaro, ya tambayi inda za a ajiye yarinya, ya ce tana koyarwa kuma ba za ta bari ba, ko sun yarda. Suka ce sun yarda. Ya sa aka maimaita masa wannan, mai faɗa ya ɗago kai ya dube shi. Sannan ya ce, da sunan Allah, shi Gide, a madadin ƙaninsa Muhammad da ke kabari, ya ba Abdulgafar Khairiyya. Aka shafa fatiha.

Mairo ba ta san tana kuka ba sai da Mansura ta zo ta kama ta. Daɗi ne, da gajiya, da wani abu kamar fushi da ya daɗe a ƙirji ya samu hanya.

Da baƙi suka tafi Mas'udu ya shigo da ƙwaryar fura, ya tsuguna ya ajiye a gabanta, ya daɗe bai tashi ba. Ta ce ya tashi, kuma babur dai ba zai koma zaure ba. Ya ce ya ji.

Alhaji ya shigo daga baya, yana tafe a hankali. Bai dube ta ba, ya wuce wajen buta. Sai ta ga bayan babbar rigarsa fari fat, daga kafaɗa har kugu. Ashe a saman dakali, inda ta yi liƙin taga cikin gaggawa, ta manta ba ta sa ƙaro ba, farar ƙasar kuwa ta gangaro har inda yake jingina. Ta bi shi tana karkaɗe masa, tana faɗa, cewa mutum ya tashi gaban surukai kamar an tsoma shi a gari, kuma da ya ji maganarta tun farko da ba a kai ga taɓarya ba, kuma ita ta san ba inda hankalinsa ya je, ko duk Ƙanƙara za ta taru ta ce ya tafi. Ta ci gaba da karkaɗe rigar da ta riga ta fita.

Ya ji hannun ya daɗe a bayansa. Ya juyo, ya ga fuskarta.

“Magana kike tun ɗazu?”

Ta gyaɗa kai.

“To zagayo gaba, Mairo. Tsaya inda rana take, ki soma daga hwarko.”